Bayan Google Ya Juya wa Tsofaffin Burauza Baya: DuckDuckGo Lite, Mojeek, Opera Mini ko Sauya Manhaja?

A tsakiyar watan Janairun 2025 ne masu amfani da Lynx, burauzar nan da ba ta nuna komai sai zallar rubutu, suka wayi gari Google ya daina ba su amsa. Mutum ya rubuta abin da yake nema, maimakon jerin shafuka sai a ce masa ya kunna JavaScript, wato yaren umarnin da shafuka ke aiko wa burauza, ko ya sabunta burauzarsa. Lynx kuwa tun da aka ƙirƙiro ta a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1992 ba ta taɓa sanin JavaScript ba. Kamfanin Google ya tabbatar wa 'yan jarida cewa da gangan ya yi, don ya toshe manhajojin da ke kwasar sakamakon bincikensa ba dare ba rana, ya kuma ce binciken da ake yi ba tare da JavaScript ba bai kai kashi 0.1 cikin ɗari ba. A baki kamar ba komai. Amma shi Google ɗin ne ya ce ana yin bincike sama da tiriliyan 5 a shafinsa duk shekara, wato kusan biliyan 14 a kullum. Ko rabin wancan ɗan kason aka ɗauka, maganar miliyoyin bincike ake yi kowace rana.

Ba ranar aka fara ba. A watan Maris na 2022 aka cire tsarin tsimin data daga Chrome na waya. A ƙarshen shekarar aka rufe Web Light, wanda ke rage nauyin shafuka ga masu raunin sabis. A farkon 2024 Gmail mai sauƙi, wanda ke buɗewa ko a kan kwamfutar da ta tsufa tukuf, ya bi sahu. Wani abin takaici ga mai karatu a Najeriya shi ne, a cikin wannan Janairun na 2025 ne hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Shafuka na ƙara nauyi, data na ƙara tsada.

To, mai tsohuwar na'ura ina zai nufa? Kafin a kai ga zaɓi, sai an gane ciwon tukuna, domin cututtuka biyu ne masu kama da juna, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar komai.

Ta farko ita ce ta JavaScript. A da Google tuwo yake aiko maka a tuƙe, burauzarka ta ajiye maka a gabanka kawai. Yanzu gari yake aikowa da umarnin yadda za a tuƙa, aikin ya koma kan na'urarka. Lynx da ire-irenta, w3m da Dillo, ba su da tukunyar ma sam. Tsohuwar Chrome ko Firefox tana da ita, sai dai umarnin da ake aikowa yanzu da sabon salo ake rubuta shi, wanda ba ta ganewa. Alamar wannan ciwo ita ce shafin yana buɗewa, amma ya tsaya fari fat, ko ya kawo saƙon a sabunta burauza.

Ta biyu ta takardar shaidar tsaro ce. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana gabatar da wata takarda, burauza ta duba ko ta san wanda ya sa mata hannu. Tsofaffin na'urori ba su san sababbin masu sa hannu ba. Shahararren misali shi ne na Let's Encrypt, ƙungiyar da ke bai wa ɗimbin shafukan duniya takarda kyauta: tsohuwar shaidar da ta dogara da ita ta ƙare a ranar 30 ga Satumba 2021, dabarar da aka yi don wayoyin Android su ci gaba da aiki ita ma ta ƙare a Satumban 2024, wayoyin da ba su kai Android 7.1.1 ba suka shiga matsala da shafuka masu yawa. Alamar wannan ita ce gargaɗin cewa haɗin ba shi da tsaro, shafin ma ba ya buɗewa. Idan wannan ne ciwonka, sauya injin bincike aikin banza ne, domin ko ya kawo maka jerin shafuka, rabinsu ba za su buɗe ba. Kuma kafin ka zargi kowa, dubi kwanan watan da kwamfutar ke nunawa. Tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ɗan batirin da ke riƙe musu agogo ya mutu, sai su farka suna ganin suna shekaru goma baya, kowace takarda ta zama ta bogi a wurinsu. Batirin nan irin na agogon hannu ne mai faɗi, duk mai gyara yana da shi.

Mu fara da mai ciwo na farko, shi ne mai zaɓi da yawa.

DuckDuckGo, wanda Gabriel Weinberg ya kafa a jihar Pennsylvania a 2008, yana da ƙofofi biyu na baya waɗanda ba sa neman JavaScript ko kaɗan: html.duckduckgo.com da lite.duckduckgo.com. Ta farkon tana da ɗan kwalliya, ta yi kama da shafin bincike na yau da kullum, ta dace da Dillo ko NetSurf ko tsohuwar Firefox. Ta biyun tsirara take: akwatin rubutu, jerin sakamako mai lamba, shi ke nan. A kan Lynx ita ce ta fi daɗin bi da maɓallan kibiya, a kan waya kuma ita ce ta fi tsimin data. Mafi yawan sakamakon daga rumbun Bing na Microsoft yake zuwa, kuma wannan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Ƙarfi, saboda bayan na Google, rumbun Bing na cikin mafiya girma da ake da su, don haka idan ka nemi labari da Hausa za ka ga BBC Hausa da Aminiya da RFI da DW da Wikipedia ta Hausa sun fito. Rauni, saboda mai kwana a ɗakin aro ba shi da tabbas. A watan Agustan 2025 Microsoft ya rufe hanyar da ƙananan kamfanoni ke bi suna sayen sakamakon Bing. DuckDuckGo ya tsira saboda yarjejeniyarsa daban ce, amma abin ya nuna a hannun wa makullin yake.

Akwai wani aibin da ya kamata a faɗa. Su ma manhajojin kwasar bayanai da Google ya kora sun san waɗannan ƙofofi, don haka wani lokaci DuckDuckGo kan tare mutum da jarrabawa, ya ce a zaɓi hotunan da ke da agwagwa a ciki. Mai burauzar da ke nuna hoto zai danna ya wuce. Mai Lynx ba shi da agwagwar da zai gani. Abin ya fi samun masu bi ta VPN ko masu jero bincike da sauri, kuma sau da yawa ɗan jira ko sauya layin intanet yana warware shi.

Wata dabarar DuckDuckGo da ta fi amfani ga mai tsohuwar na'ura fiye da kowa ita ce alamar motsin rai a gaban harafi. Ka rubuta !w sannan kalmar da kake nema, kai tsaye zai jefa ka cikin Wikipedia, wadda har yau take karantuwa lafiya lau ba tare da JavaScript ba. Kada dai ka wahalar da kanka da !g, domin Google zai kai ka, ka sake cin karo da bangon da ka gudo daga gare shi. Haka kuma kalmar site: tana aiki, misali ka rubuta abin da kake nema ka bi shi da site:bbc.com/hausa, sai a taƙaita maka binciken a can.

Tunda an zo kan Hausa, ga wani abu da ya shafi kowane injin bincike, amma ya fi tsanani a ƙanana. Rabin Hausar da ke intanet an rubuta ta da haruffa masu lanƙwasa, rabi kuma babu. Wani ya rubuta ƙasa, wani kasa. Wani ɗalibi, wani dalibi. Manyan injina kan yi ƙoƙarin haɗa su, ƙananan kuwa sukan ɗauke su kalmomi biyu daban. Duk inda ka koma, ka saba da yin bincike sau biyu, da lanƙwasa da kuma babu.

Mojeek na Ingila ne, Marc Smith ya fara shi a 2004, kuma abin da ya bambanta shi shi ne ba ya aro. Yana da manhajarsa da ke yawo a intanet tana tattara shafuka, ya tara biliyoyinsu a rumbun kansa, kuma shafinsa na bincike yana aiki ba tare da JavaScript ba. Ranar da Microsoft ko Google suka sauya ra'ayi, ko a jikinsa. Sai dai biliyoyin nan, komai yawansu a kunne, ba su kama ƙafar na manyan ba. A binciken Ingilishi kan tarihi ko kimiyya ko fasaha yana kawo abin kirki, har ma yakan tono shafukan da Google ya binne a ƙarƙashin talla. Labarin da ya faru jiya a Gusau ko Maraɗi kuwa, ko neman shafin wata makaranta, nan ne ƙarancin rumbun ke bayyana. Ni a ganina na biyu ne, wanda ake ajiyewa don ranar da agwagwa ta tare hanya. Ban ga dalilin da mai neman abin Hausa zai sa shi a gaba ba.

Marginalia aikin mutum ɗaya ne, Viktor Löfgren, ɗan ƙasar Suwidin, tun 2021. Da gangan yake fifita shafukan da rubutu ya fi yawa a cikinsu, marasa talla da tarkace, wato daidai irin waɗanda Lynx ke buɗewa ba tare da tangarɗa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin injin bincike ƙofa kawai yake nuna maka. Ko DuckDuckGo Lite ya kawo jerinsa cikin ƙiftawar ido, shafin da ka danna yana iya zama mai megabait biyu ko fiye, wanda shi ne matsakaicin nauyin shafi a yau. Amma Ingilishi ne abincin Marginalia, kuma ba wurin neman labarai ko sakamakon jarrabawa ba ne. Ɗalibin kwamfuta zai ji daɗinsa. Wiby ma haka, ƙarami ne, na masu sha'awar shafuka irin na da.

Wanda ya fuskanci matsalar nauyin shafi gaba da gaba shi ne FrogFind, da wani mai sha'awar tsofaffin kwamfutoci ya gina a 2021. Yana ɗauko sakamako daga DuckDuckGo, in ka danna shafi kuma sai ya je ya ɗauko shi da kansa, ya tankaɗe, ya miƙo maka rubutun kawai ta http marar takardar shaida. Saboda haka yana yi wa mai ciwo na biyu amfani: kwamfutar da ta kasa gaisawa da shafukan zamani za ta iya karanta su ta hannunsa. Sharaɗin shi ne duk abin da ka karanta a buɗe yake bi ta layi, ba wurin sa kalmar sirri ba ne, kuma aikin sa-kai ne, ranar da ya tsaya babu wanda za ka kai wa ƙara.

Sai dillalai, masu zuwa su tambayo maka manyan injina su kawo amsa. SearXNG, wanda ya ɓalle daga Searx a 2021, manhaja ce ta kyauta da kowa zai iya ɗorawa a uwar garkensa, kuma akwai jerin waɗanda aka buɗe wa jama'a a searx.space. Tana aiki babu JavaScript, tana haɗo amsoshin injina da yawa wuri guda. A takarda ita ce mafita mafi kyau, tunda har sakamakon Google tana iya kawowa. A aikace kuwa, irin waɗannan dillalan ne Google ya sa wa ido tun farko. Whoogle, wata manhaja mai irin wannan aiki, canjin Janairun 2025 ya karya ta kai tsaye. Uwar garken da ke aiki yau gobe tana iya dawowa hannu rabbana. Kuma duk abin da ka nema yana bi ta hannun mutumin da ba ka sani ba. Ga wanda ya iya ɗora tasa, abu ne mai kyau. Ga mai shagon buga takardu da kwastoma ke tsaye a kansa, wahala ce.

Haka nake kallon dabarar sauya sunan burauza, inda ake sa Lynx ta gabatar da kanta a matsayin wata tsohuwar waya don Google ya ba ta shafi mai sauƙi. Wasu sun ci moriyarta na ɗan lokaci. Wasan ɓuya ne da mai gida, kuma shi ya san lungunan gidansa.

Kagi na kuɗi ne, dala 5 a wata don bincike 300, dala 10 don marar iyaka, babu talla. Masu amfani da shi na yabon ingancinsa. Amma wanda ke lallaɓa kwamfutar shekara goma sha biyar saboda babu halin sabuwa, da wuya a ce ya riƙa biyan dala duk wata don bincike.

Opera Mini ta kowa ce a ƙasashenmu, tun zamanin wayoyin Nokia masu Java, kuma hanyarta daban ce da duk waɗanda aka ambata. Tun fitowarta a tsakanin 2005 da 2006, dabararta ita ce uwar garken kamfanin ce ke buɗe shafin, ta tuƙa JavaScript ɗin gwargwadon iko, ta matse shi, sannan ta aiko wa waya abin da ya rage. A tsarinta na matsanancin tsimi kamfanin ya ce ana iya rage data har kashi 90 cikin ɗari. Wayar ba ta yin aikin komai, shi ya sa ƙaramar waya mai madannai ke iya shiga shafukan da suka fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, kuma batun takardar shaida ma can uwar garken ake warware shi. Farashin abu biyu ne. Shafukan da ke buƙatar motsi a kai a kai, kamar taswira ko fom mai matakai, sukan lalace. Sannan a wannan tsarin, sirrin da ke tsakaninka da shafin a uwar garken Opera ake kwance shi a sake ɗaurewa, don haka ba nan ne wurin harkar banki ba. Ga mai ƙaramar waya, haɗa Opera Mini da lite.duckduckgo.com shi ne abin da zan ba da shawara: ɗaya ta matse shafi, ɗayan kuma dama can bai da abin matsewa.

Yanzu ga mai ciwo na biyu, da ma duk wanda dole sai Google ɗin yake so, saboda taswira ko hotuna ko wani aikin ofis. Nan maganar ta tashi daga injin bincike ta koma kan burauza.

Idan kwamfutar na kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita a Janairun 2020, Chrome ta tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, ba za ta ƙara gaba ba. Firefox 115 ESR ita ce ta fi daɗewa ana yi mata gyaran tsaro a kan wannan tsarin, Mozilla ta yi ta tsawaita wa'adinta. Firefox tana da wata fa'ida kuma: da jerin masu sa hannun takardunta take zuwa, ba ta dogara da na tsohon tsarin da ke kan na'urar ba, shi ya sa aka riƙa ba masu tsofaffin Android shawarar komawa gare ta lokacin rikicin Let's Encrypt. A kan Windows XP lamarin ya fi muni, Chrome 49 da Firefox 52 ne ƙarshe, dukansu sun tsufa ƙwarai. Akwai Supermium, wadda masu sa-kai suka gyaro daga Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai, don ta yi aiki a XP da 7. Tana buɗe shafukan zamani, amma da nauyin zamani take zuwa, kwamfuta mai gigabait ɗaya na ƙwaƙwalwa za ta yi ta nishi. Kuma sabuwar burauza a kan tsarin da aka daina toshe wa ɓaraka kamar sabon kwaɗo ne a ƙofar zana.

Gyaran da ya fi ɗorewa shi ne a sauke Windows ɗin a ɗora Linux mai sauƙi. Lubuntu ko Linux Mint mai Xfce sun ishi kwamfutar da ke da gigabait 2 zuwa 4, antiX kuma an yi ta ne musamman don waɗanda suka fi haka tsufa. Da su za ka samu Firefox ta yau da takardun shaida na yau, kyauta. Kafin ka yarda mai gyara ya taɓa, tambayi kanka abin da kwamfutar ke ci da kai. Idan CorelDraw ce ko wata tsohuwar firinta da direbanta na Windows ne kawai, to ka bar ta yadda take, ka cire ta daga harkar intanet mai muhimmanci, ka riƙa bincike a waya. Idan karatu da rubutu da bincike ne aikinta, Linux za ta ƙara mata shekaru.

Makafi masu amfani da manhajar karanta allo su ma lissafinsu daban ne. NVDA, wadda take kyauta, da Firefox ko Chrome take aiki, kuma daga fitowar 2024.1 ta daina karɓar Windows 7. Ga wanda ke sauraron shafi da kunne, DuckDuckGo Lite na da daɗi ko a sabuwar kwamfuta, saboda babu tarkacen da murya za ta bi ta kansu kafin ta iso sakamakon farko. Jarrabawar hotunan nan ce kawai cikas.

Wanda ya zaɓi zama da Lynx, ko a kwamfuta ko a wayar Android ta cikin manhajar Termux, abu biyu zai gyara tun ranar farko. Ya buɗe ta da lynx lite.duckduckgo.com, ya danna harafin a ya ajiye shafin cikin alamominsa, ya yi wa mojeek.com haka shi ma. Sannan ya danna harafin o ya shiga saituna, ya mayar da tsarin haruffan allo zuwa UTF-8, ya adana. In ba haka ba, duk ƙ da ɗ da ɓ da ke shafukan Hausa ba za su fito daidai ba.